Bangon da Ba Ya Kwana Wuri Guda

 Ɗana, na ji an ɗora maka horar da kuratan da za su riƙa shiga hayaƙi da tulun iska a baya, an kuma ce kana neman yadda za ka haɗa musu gidan lalube, irin wanda ake jera bangayen katako a yi lunguna, a rufe wa mutum ido, a ce ya shiga ya nemo hanya. Allah Ya taya ka riƙo. Tun kafin kafinta ya buga ƙusa ta farko, ga abin da nake roƙonka: kada ka yarda a kafe bangon nan. Ka sa a yi shi yadda mutum biyu za su ɗaga shi, su sauya masa wuri cikin ɗan lokaci, su mayar da ƙofar jiya ta zama bangon yau.

Za a ba ka shawarar a gina shi da bulo da siminti, a ce ya fi ƙarko, ya fi kyan gani idan manya sun zo ziyara. Gaskiya ne ya fi ƙarko. Amma ka lura da abin da zai faru. Ranar farko kurtu zai shiga ya yi gumi, ya ɓata, zuciyarsa ta yi ta bugawa, ya fito ya koyi wani abu. Shiga ta uku ya soma ƙirgawa a ransa: taku biyar, kwana dama, rami, tsani, hagu. Kafin wata ya ƙare yana ratsa gidan a guje, kai kuma kana duba agogo kana rubuta cewa ya ƙware. Makaho ma yana yawo a gidansa ba sanda, ya san inda randa take, ya san inda dokin ƙofa yake, amma wannan sanin ba ya bin sa gidan maƙwabci. Gobara kuwa ba ta cika kiran mutum gidan da ya sani ba. Ko da ta kira shi can, ba zai tarar da shi yadda ya bar shi ba: kanta ta faɗi ta tare hanya, silin ya rufto da wayoyinsa, ƙofar da take buɗe da safe an datse ta da kwaɗo.

Mutanen waje suna ɗauka harshen wuta ne ke cin ɗan kwana-kwana. Sau da yawa makuwa ce. Mutum ya shiga da lafiyarsa da kayansa, ya yi kwana biyu ko uku a cikin duhu, ya saki mesa don ya duba wani abu, ya juyo bai same ta ba. Daga nan gabas da yamma suka zama ɗaya, iska kuma tana tafiya.

Akwai labarai biyu da nake so ka riƙa ba kuratanka. Na farko a Landan ne, watan Janairun 1958. Wuta ta tashi a ƙarƙashin kasuwar nama ta Smithfield, a ɗakunan sanyin da ake ajiye kaji da nama, wuri mai faɗin gaske, lungu cikin lungu, ba taga. Mutum biyu daga cikin waɗanda suka fara zuwa suka sauka da na'urar numfashi, suka kasa gano hanyar fita, iskarsu ta ƙare. Wutar ta yi kwanaki tana ci. Bayan wannan ne aka tsaurara ƙa'idar da har yau ake koyarwa a Ingila: allo a bakin ƙofa, kowa ya bar alama mai sunansa, a rubuta iskar da ya shiga da ita da lokacin da ya wajaba ya fito, mutum guda kuma ya tsaya ba shi da wani aiki sai duba allon.

Na biyu a Amurka ne, garin Worcester, ranar 3 ga Disamban 1999. Wani tsohon sito ne na sanyaya nama, hawa shida, kusan ba taga, cikinsa ɗakuna masu kama da juna. An ce akwai wasu marasa galihu biyu da ke kwana a ciki, sai aka shiga nemansu, alhali sun riga sun fita. Mutum biyu suka yi makuwa, suka kira ta oba-oba cewa sun ɓata. Huɗu suka bi sahunsu, su ma ba su dawo ba. Da abin ya kai shida, jami'in da ke jagorantar aikin ya tsaya a bakin ƙofa ya hana sauran shiga, suna kuka suna neman ture shi. Waɗannan mutane ba kurata ba ne, kuma ba su rasa kayan aiki ba. Gini ne ya ruɗe su.

Ka zauna da yaranka ku yi lissafin iska a kan allo, don da yawa suna ɗauka tulun da ke bayansu rijiya ne. Tulu mai lita 6, idan an cika shi har agogonsa ya nuna bar 300, yana ɗauke da iska kusan lita 1,800. Mutumin da ke aiki a natse yana shan kamar lita 40 a minti, shi ya sa ake cewa tulun na minti 45 ne. Amma wanda ke jan mesa a rarrafe, ko wanda tsoro ya kama, yana iya shan ninki biyu ko fiye, sai minti 45 ya koma 20 ko ƙasa da haka. Usur ɗin gargaɗi a irin na'urorin Turai yana tashi ne idan agogo ya sauko wajen bar 55. Abin da ya rage a lokacin bai wuce lita 330 ba: minti takwas ga mai natsuwa, uku ko huɗu ga wanda ya firgita. Saboda haka wanda ya jira usur kafin ya juya ya makara. Gidan lalube shi ne wurin da kowane kurtu zai san yawan iskar da shi kansa yake sha, domin ba a sha daidai. Ka rubuta abin da agogon kowa ya nuna wajen shiga da wajen fita, ka ajiye littafin. Bayan 'yan watanni za ka ga wanda iskarsa take daɗewa, za ka kuma ga wanda ya kamata ya rage taba ko ya ƙara motsa jiki.

A Jamus, inda mafi yawan masu kashe gobara 'yan sa-kai ne, duk mai ɗaukar tulun iska sai ya ratsa irin wannan gida sau ɗaya a shekara kafin a ci gaba da barinsa ya shiga hayaƙi. Nasu keji ne na ƙarfe, hawa-hawa, da ƙofofi da murafu da bututun da ake rarrafawa a ciki, kuma ana iya toshe nan a buɗe can don hanya ta sauya. Kafin mutum ya shiga sai an gajiyar da shi a kan tsani mai juyawa da ba ya ƙarewa da wasu injinan motsa jiki, sannan a kashe fitila, a saki hayaƙin inji da ƙara, masu kula suna kallonsa ta kyamarar da ke gani a duhu. Ba ka da kuɗin wannan, kuma ba lallai sai da shi ba. Abin ɗauka a wurinsu biyu ne: suna sauya hanya, kuma ba sa barin mutum ya shiga da hutunsa.

Naka zai yiwu da abin da ake samu a kasuwar 'yan katako. Allon katako mai ƙafa 4 da ƙafa 8, a raba shi biyu, a yi wa kowane rabi firam mai ƙwari. Tsayin ƙafa 4 ya isa ga yawancin lunguna tunda rarrafe za a yi, kuma yana ba ka damar tsayawa daga waje kana ganin komai ta sama. Ka bar wasu da tsayinsu don wuraren da ake son a miƙe. A haɗa su da noti ko sakata, ramukan kowane allo su zo daidai da na ɗan'uwansa, yadda kowanne zai auri kowanne. Wasu a bar su shafe, wasu a yanka musu ƙofa, wasu taga, wasu rami a ƙasa, wasu tsaga siririya. A goge bakin katakon, a lanƙwashe duk ƙusar da ta leƙo, don kada ta yaga rigar wuta ko ta huda robar iska. Sharaɗi ɗaya kuma kada ka sassauta a kansa: ko'ina kurtu ya kai, ya zamana za a iya zare allo daga waje a ciro shi nan take.

Sai maganar siffar da za ka ba lungunan, kuma nan ne nake so ka daɗe kana tunani. Za ka ga bidiyon Amurkawa a waya, suna da kyau, amma gidajensu ba irin namu ba ne. Bangon cikin gidansu yawanci ginshiƙan katako ne a jere da siririn allo a kai, shi ya sa suke koyon fasa bango su kurɗa ta tsakanin ginshiƙai, tazarar da ba ta kai inci 15 ba. Wanda ya koyi haka ya zo ya tarar da bulo mai inci tara ko ginin ƙasa, gatarinsa ba zai fitar da shi kan lokaci ba. Ka tashi ka je ka dubo inda wuta take kiranmu. Kasuwar Sabon Gari ta Kano ta ƙone a Maris na 2016, dubban shaguna suka tafi. Babbar kasuwar Sakkwato ta kama a Janairun 2021, ta Katsina a Maris na 2021, kasuwar Monday ta Maiduguri a Fabrairun 2023. Ka shiga kowace babbar kasuwa da ma'auni a aljihu. Ka auna layin da aka cinye da tebura har mutum biyu ba sa giftawa. Ka dubi siton da aka jibge diloli har rufi, aka bar 'yar hanya a tsakiya. Ka dubi benen da matakalarsa ɗaya ce, da ƙofar ƙarfen da take tsayawa rabi, da wayoyin da suka yi saƙa a sama daga janareta zuwa janareta. Ka dawo ka jera bangayenka haka. Wani makon kuma ka jera su kamar gida: zaure, soro na biyu, kwana, tsakar gida, ɗaki ciki da falo, uwar ɗaka mai taga da ƙarafa. Ka sa gado da sif, ka ɓoye ƙaramin mutum-mutumi a ƙarƙashin gadon ko bayan ƙofa, domin can yara suke ɓuya idan sun tsorata, kuma ba sa amsa kira. Babban mutum-mutumin kuwa ka cika shi da yashi ya kai nauyin magidanci. Wanda ya saba jan buhun ƙaiƙayi zai sha mamaki ranar da ya kama mutumin da ya suma.

Za ka koya musu bin bango: hannu ɗaya ba ya rabuwa da shi, wanda ya shiga da hagu ya fita da dama, bayan hannu ake shafawa don idan an taɓa waya mai wuta kada yatsu su damƙe ta, ƙafa tana share gaba kafin a ɗora mata nauyi. Wannan ƙa'ida tana da kyau, amma tana da rami, kuma gidan da ake sauyawa ne kaɗai zai nuna musu shi. Idan abin da mutum yake bi ba ya haɗe da bangon ginin, kamar jerin kantoci ko tarin kaya a tsakiyar sito, zai yi ta zagaya shi yana zaton tafiya yake. Wata rana ka tsayar da alluna huɗu a tsakiya ba su jingina da komai ba, ka bar kurtu ya kama su. Ka ƙyale shi ya zagaya sau biyu. Idan ya fito ka tambaye shi me ya kamata ya ankarar da shi: kwana huɗu a jere duk ɓangare guda, da tsinin katakon da hannunsa ya taɓa har sau biyu. Ba zai manta ba.

Haka mesa. Wanda ya ci karo da ita a duhu ya samu hanya, amma ina ne mota, ina ne wuta? Mahaɗin ƙarfen ne ke faɗa, sai dai ba iri ɗaya ba ne. A na Amurka mai zare, namijin ne ke fuskantar wuta. A na Ingila mai kunnuwa biyu da ake ja, namijin ne ke shiga famfon mota, macen ta nufi wuta. Na Jamus da na Faransa kuwa bakin nan da na can duk ɗaya ne, ba sa faɗa maka komai, sai dai ka yi wa mesar wata alama da kanka. Ka ɗauko wadda take kan motarku, ita za ka shimfiɗa a cikin lungunan, ka murɗa ta, ka gitta ta a kan wata, su koyi karanta ta da safar hannu a hannunsu. Wayoyi ma ka rataya musu, su koyi kwantawa a gefe su sa tulun a kusurwar bango da ƙasa, su ɗage wayar da hannu su zame, da fulaya a aljihun da kowane hannu zai kai.

Abin da ya fi wahalar koyarwa shi ne mutum ya buɗe baki ya ce na ɓata. Yaranmu an tashe su da jin kunyar nuna gazawa, balle a gaban oga. Sai mutum ya yi shiru yana ta lalube, yana cewa yanzu zan samu, har usur ya tashi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A Phoenix, cikin Maris na 2001, wani ɗan kwana-kwana mai suna Bret Tarver ya rabu da mesa a cikin wani katafaren kanti, iskarsa ta ƙare, aka sha wuya kafin a fito da shi, bai rayu ba. Hukumar garin ta yi ta maimaita atisayen ceto a manyan gine-gine don ta gane abin da ya faru, ta gano cewa fito da mutum ɗaya yakan ci kamar mutum 12, kuma ɗaya cikin biyar na masu ceton shi ma yakan shiga matsala. Ka dubi yawan mutanen da ke kan motarku idan kun fita, ka ga ko kuna da 12 na ajiya. Kiran da aka yi da sauran rabin tulu shi ne kiran da ake iya amsawa. Saboda haka a gidan lalube ka riƙa yaba wa wanda ya kira da wuri, a gaban kowa. Ka sa su maimaita har ya zauna a bakinsu: ni ne wane, ga inda nake zaton nake, ga iskar da ta rage, ga abin da ya same ni. Wanda ba shi da oba-oba ya buga gatari a bango ko a ƙarfe, ya haska tocila sama, ya rage motsi.

Ka ware kuma wani lungu don koyon ɗaga ɗan'uwa. A Denver, a 1992, Mark Langvardt ya faɗi a wani matsattsen wuri a hawa na biyu, faɗinsa inci 28, tagar da ke gabansa tana da tsayin inci 42 daga ƙasa. Abokan aikinsa suna iya taɓa shi, amma suka shafe kusan awa guda ba su iya fito da shi ba. Daga nan aka samo atisayen da ake yi da alluna biyu da taga a kan waɗannan ma'aunai. Da bangayenka za ka haɗa shi cikin minti goma.

Kada ka ƙona taya ko tsumma don ka samu hayaƙi. Katako ne kewaye da yaron, kuma hayaƙin taya guba ne gare ka da kake tsaye ba takunkumi. A Boulder ta jihar Colorado, a 1982, wutar da aka kunna don atisaye a wani tsohon gini ta kashe mutum biyu, abin da ya kai ga rubuta ƙa'idar atisayen wuta ta NFPA 1403 a 1986. Duhu kake nema, kuma yana da arha: ka rufe gilashin takunkumin da takarda ko baƙar leda daga waje, gilashin kaɗai, kada ta kusanci wurin numfashi. Idan cika tulu yana muku wuya, yawancin zagaye a yi shi da tulun a baya ba a jona ba, amma kowa ya samu rabonsa na shiga da iska ta gaske. Injin cikawar kuma na iskar numfashi ne kaɗai, ba na mai faci ba, a nisanta bakin zuƙarsa daga salansar janareta.

Zafi ma ka ji tsoronsa. A watan Afrilu garuruwanmu suna wuce digiri 40 a inuwa, ga rigar wuta da hular kwano da tulu, nauyin da ya haura kilo 20. A Amurka, inda suke lissafa mamatansu shekara-shekara, bugun zuciya ne ya fi komai kashe ɗan kwana-kwana a bakin aiki. Ka yi atisaye bayan asuba ko da yamma liƙis, ruwa a kusa, da azumi kuma ka sassauta ko ka mayar da shi dare. Wanda ya ce ƙirjinsa ko kansa, ka cire masa kaya ka zaunar da shi, kada ka ce raki ne.

Za ka samu yaron da zai fizge takunkumi da zarar an rufe masa ido. Kada ka bari a yi masa dariya, kai ma kada ka yi masa tsawa. Ka buɗe masa gilashi, ka cire rufin, ka rage lungun ya zama miƙaƙƙe, ka bi shi kana yi masa magana. Gobe ka ƙara kwana ɗaya, jibi ka rage haske. Wannan ma wani amfani ne na bangon da ake ɗagawa: kana iya auna wahalar daidai da mutum. Da yawa daga irin waɗannan yaran, idan an bi su a hankali, sukan zama masu lura fiye da wanda bai taɓa jin tsoro ba. Tsofaffin ma'aikata kuma kada ka ƙyale su don girmansu. Ka roƙe su da ladabi su shiga, ka fara shiga da kanka a gabansu, bayan ka sa wani ya jera bangayen ba ka gani ba.

Idan an gama zango a hedikwata, ka nemi a ba ka a-kori-kura ka loda allunan ka kai tashoshin ƙananan hukumomi. Mutanen can su ne suka fi daɗewa ba su ga atisaye ba, kuma su ne taimako ya fi jinkirin isa wurinsu. Rumfar ajiye mota ta isa, ko ajin makaranta a lokacin hutu. Ka zana kowane jeri a littafi da kwanan wata da sunan tashar don kada ka maimaita musu wanda suka gani. Idan kun dawo, a jingina allunan a tsaye a kan bulo, nesa da ƙasa saboda gara, a rufe su da tampol kafin damina, notinan kuma a zuba su a gwangwani guda mai murfi a hannun mutum ɗaya. Ka gaishe mini da mutanen gidanka.